Jar Saniyar da Na Kai Ƙara

Ba zan taɓa mantawa da shekarar korona ba, kuma ba don cutar ba. Mu nan ƙasar Jega, abin da ya fi tsaya mana a rai a shekarar shi ne ruwa. Gulbi ya cika ƙarshen damina, ya hau fadama, ya kwanta a kan shinkafarmu kamar wanda ya zo gidan ubansa. Da ya janye bai bar mana komai ba sai laka da wari. Na tsaya bakin gonata da ke wajen Kimba na yi salati, na koma gida, amma hankalina bai biyo ni ba.

Ni manomi ne, sai dai Allah ya yi mini ɗan rabo a karatun allo da na ajami, har dattawan unguwa sukan zauna a zaurena bayan sallar asuba mu yi bita. Malam ake ce mini. In mutum biyu suka saɓa, ni ake kira in shiga tsakani. A bangon zauren ma, da hannuna na rubuta da ajami, manyan baƙaƙe: kada ka yi fushi. (Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.)

Da shinkafa ta tafi, sai kowa ya koma ga albasa. Na hau mota zuwa Aliero na sayo iri mai kyau, na gyara fangali a ɗan tudun da ruwa bai kai ba, na yafa. Ya fito kore shar, siri-siri kamar gashin jariri. Shi ne abincin gidana na shekara, ba ni da wani. Tun daga nan zama ya gagare ni. In ina cin tuwo, fangali nake gani. In na tayar da salla, sai in ji kamar akuya na tafiya a ciki (Allah ya gafarta mini). Matata Kulu har ta ce ko in ɗauki tabarma in koma can in tare, ta riƙa aiko mini da fura.

Maƙwabcina a gona shi ne Nomau, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba, ni ma ba na barinsa. Wata yamma ya leƙo fangalina, ya taɓe baki.

"Wanga shi na irin da kat tahi Aliero saye? Wallahi ko saniya ba ta cin wanga."

A wata shekarar da na rama, mu yi dariya. A wannan shekarar kuwa dariyar ta ƙafe mini. Na haɗiye maganar, ta zauna mini a ƙirji.

Ba a daɗe ba, wata safiya bayan mun tashi daga karatu na nufi gona da sauri kamar kullum. Tun daga nesa na hango wani abu ja a tsakiyar kore. Na ce a raina ko tsumma ne iska ta kawo. Tsumman ya ɗago kai, yana da ƙaho.

Jar saniya ce, ƙosasshiya, tsaye a tsakiyar fangali tana tauna a natse. Abin da ba ta ci ba ta tattake. Ta dube ni da manyan idanunta, lawashi na rataye a bakinta, ko alamar kunya babu. Ban san lokacin da na kwance rawanina na ɗaura mata a wuya ba. Kuma a nan take, kafin in tambayi kowa, na gama shari'ata a zuci: Nomau ne. Ba shi ya ambaci saniya ba? Kuma ba na gan shi a kasuwar Jega yana ƙus-ƙus da wani Bafulatani ba? Lalle ya sayi saniya a ɓoye, ya sa an sako mini ita don maganarsa ta zama abin dariya. Haka na haɗa labarin, ya zauna daidai, ba ƙofa ba taga.

Na ja ta muka nufi gari. A gaskiya ita ta ja ni. Wani wuri ta tsaya cak in yi ta kokawa, wani wuri ta zabura in bi ta a guje, takalmina ɗaya ya maƙale a laka na bar shi can. Haka Malam mai sulhu ya shigo gari, ƙafa ɗaya da takalmi, rawani a wuyan saniya, yana ɗaga murya. Mata suka leƙo ta katanga. Masu shayi suka bar shayinsu suka biyo mu. Muka wuce ta ƙofar zaurena, rubutun nan na bango yana kallona, na kau da kai.

Maigari yana zaune a ƙofar gidansa da 'yan majalisarsa. Dattijo ne mai sanyin magana, ya sha sa ni gaba in yi wa masu rigima nasiha.

"Subhanallahi! Malam, mi na na? Kai da saniya?"

"Ranka shi daɗe, ƙara nik kawo. Wagga ta cinye mini shekara guda. Sai an hiddo mai ita."

Kafin a aika neman makiyayin, sai ga shi ya iso da kansa, sanda a kafaɗa, ya biyo sawu tun daga ruga. Jabbi ne.

A nan sai in ɗan tsaya in gaya muku wane ne Jabbi, don ku san zurfin ramin da nake haƙa wa kaina. Rugarsu tana kan hanyar Maiyama, kuma abokina ne na shekaru masu yawa. Modibbo yake ce mini, wato Malam da Fulatanci. Wata shekara da albasa ta yi albarka, na sayi farar karsana na ba shi amana, kamar yadda mutanenmu suke yi. Kuma kamar yadda mutanenmu suke yi, na roƙe shi kada ya taɓa faɗa wa kowa. Kun san halinmu, in aka ji kana da saniya, kowane suna da biki na dangi a kanka zai sauka. Har rantsar da shi na yi. Don kada a gane, ban taɓa zuwa cikin garken na duba ba. In mun haɗu a kasuwa yakan raɗa mini cewa ta haihu, in ce Allah ya yi albarka, in waiga ko wani ya ji, in canza magana. Ban taɓa tambayarsa ko launin abin da ta haifa ba.

Za ku ce, to da ganin Jabbi ai ya kamata jikina ya ba ni. Ya ba ni, ba zan yi ƙarya ba. Wani ɗan tunani ya taɓa ni a kafaɗa, na ce masa tawa fara ce, wannan ja ce, kauce ka ba ni wuri. Mai fushi ba ya son abin da zai rage masa fushi. Daɗinsa yake ji.

Jabbi ya gaida Maigari, ya juyo gare ni. Ya ce laifin kiwo nasu ne, ruwa ya cinye makiyaya, dole suka matso da shanu kusa da gonaki, ita kuma ta tsinke ta ɓalle. Ya ba ni haƙuri da kyau. Sannan ya sassauta murya.

"Modibbo, zo mu koma gehe, in gaya maka magana guda."

"Babu gehe! Taka ta?"

"Ba tawa ba ta. Amana ta."

"Na sani! To hwaɗi mai ita, nan gaban kowa."

"Modibbo, don Allah, gehe."

Ni kuwa da na ji ya ce amana, sai na ƙara tabbata. Na juya na hango Nomau a cikin taro, ya rufe baki da hannun riga. (Daga baya na gane takalmina ɗaya yake wa dariya.) Na nuna shi da ido, na buɗe baki na fara wa'azi. Wallahi ban taɓa yin wa'azi mai zafi irin na ranar ba. Na ce mai wannan saniya, ko wane ne, munafuki ne. Mutum ne mai ɓoye ni'imar Allah, yana yawo cikin mutane da tsohuwar riga kamar ba shi da ko kaza, alhali dukiyarsa tana daji tana cin amfanin talakawa. Na ce irinsu ne ke sa ruwa ya ci gari. Jama'a suna ta cewa, "Gaskiya ne, Malam!" Ni kuma ina ƙara hawa.

Maigari ya ce, "To, Malam, mi kaka so a yi mai in an gane shi?"

Nan ma ban tsaya ba. Na yanke hukunci da bakina. Na ce ranar Juma'a bayan an sauko, ya zo nan ƙofar Maigari, ya cire hularsa, ya durƙusa gaban jama'a, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa. Maigari ya gyaɗa kai ya ce kowa ya shaida. Kowa ya ce ya shaida.

Jabbi ya matso ya kama gefen rigata a hankali. Ya sake cewa mu koma gefe. Na fizge rigata, na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin zafi a kunnuwana.

"Ku dai haka kuke! Ku ɓata ma mutum, ku ɓoye ma ɓarawo. Halinku na!"

Ku. Ba kai na ce ba, ku na ce. Na tattara shi da iyayensa da duk wanda ya taɓa riƙe sanda na zuba a kwando ɗaya. Wurin ya yi tsit. Sai kuma na ji ƙananan maganganu daga bayan taro, inda samari suke. Shekarar kowa a ƙule yake, kowa ya yi asara, kowa yana neman wanda zai huce a kansa. Wani ya ce a je rugar a koro su. Wani ya ce a yanka jar nan a raba. Na ga wasu sun fara zare itace daga dannin maƙwabta. Can nesa kuma 'yan'uwan Jabbi da suka biyo shi sun tsaya a gindin bedi, wato dogon-yaro, sun daina jingina da sandunansu, sun riƙe su a hannu.

Maigari ya ga abin da na gani, ya miƙe tsaye. "Jabbi, abin ga ya wuce wasa. Hwaɗi mai ita."

Jabbi bai dubi Maigari ba, ni ya duba. Idonsa ya yi ja, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Ranka shi daɗe, an ɗaure mini baki. Modibbo, in ka ce ka kwance, sai in hwaɗi."

Ko jariri ya ji wannan ya gane. Ni kuwa na daka tsalle da ƙafata mai takalmi.

"Na kwance! Na kwance! Hwaɗi!"

"Ɗiyar farar karsanarka ta. Ubanta ta biyo ga ja. Taka ta, Modibbo."

Ban san yadda zan kwatanta muku shirun da ya biyo baya ba. Na ji kukan kurciya a can bayan gari. Na ji saniyar tana tuƙa kusa da kunnena, numfashinta duk warin albasa. Na dubi rawanina a wuyanta. Ashe tun safe dukiyata nake ja a titi ina zagin mai ita.

Nomau ne ya fara. Wani irin sauti ya kuɓuce masa kamar an taka kwaɗo, sai ya zube ƙasa yana riƙe ciki. Daga nan wuri ya ɓarke. Samarin da suka zaro itace suka yar, wasu na dukan cinya. Maigari ya ja rawani ya rufe baki, amma kafaɗunsa suna rawa.

"Malam," in ji Nomau daga ƙasa, yana share hawaye, "na janye maganata. Ashe saniya na cin irinka. Amma sai ta gida!"

Wani tsoho daga cikin masu karatu a zaurena ya ce, "Malam, wane na kac ce munahiki? Ban ji da kyau ba."

Kowa ya yi dariya ban da mutum ɗaya. Jabbi ya kwance rawanina daga wuyan saniyar, ya naɗe shi da kyau, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya kora ta suka tafi.

Na shiga gida ta ƙofar baya. Na zaci zan tarar da Kulu cikin mamaki, sai na same ta tana tankaɗe hankalinta kwance, labari ya riga ni isowa.

"Kulu, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba."

"Na shanu? Malam, man shanun da kaka ci ga tuwo shekara da shekaru, kana tsammanin daga sama shika zubowa? Matar Jabbi ka kawo shi duk sadda ta haihu. Na ga kana son ɓoyonka, na bar ka da shi."

Washegari da hantsi na ji kukan shanu a ƙofar gida. Na fito na tarar da farar, ta tsufa ta yi girma, ga jar, ga wasu ƙanana da ban taɓa gani ba, an ɗaure su a jikin bedin zaurena. Ƙanin Jabbi ne ya kawo su. Ya ce yayansa ya ce ga amana ya mayar lafiya, tunda halinsu ɓarna ne da ɓoye ɓarawo, gara in nemi mutanen kirki su riƙe mini.

Wannan ya fi dariyar jiya ciwo. Iri ya tafi, asiri ya tonu, yanzu kuma abokin da ya tsaya ana zaginsa don ya cika mini alkawari shi ma zai tafi. Kwanakin nan ban zauna ba. Shanu suna kuka, ban san abin da ake ba su ba. Dangi suna ta zuwa yi mini jaje suna leƙen bedi. Na shiga ɗaki, na fito zaure, na koma ɗaki. Dattawa suka zo karatu, na buɗe littafi, idona ya sauka a bango. Na ce musu yau a yi haƙuri, kaina na ciwo.

Daga ƙarshe na ari babur na bi hanyar Maiyama. Na sami Jabbi a ƙarƙashin wata ƙirya yana tufka igiya, shi kaɗai. Na ji daɗi da ba kowa. Na zauna, na yi gaisuwa mai tsawo, na fara jero kalmomin ban haƙuri da na shirya a hanya. Ya bar ni na gama, hannunsa bai bar igiya ba.

"Modibbo, yanzu kaka son gehe? Na roƙe ka gehe, ka ƙiya. Gaban mutane kac ce halinmu na. Ƙannena sun ji, ɗiyana sun ji labari. Abin da anka zubar ga kasuwa ba a kwashe shi cikin ɗaki."

Na ce to me zan yi.

"Ba ni ka yanke hukunci ba. Kai kay yanke. Kowa ya shaida."

Ranar Juma'a ban taɓa ganin ƙofar Maigari ta cika haka ba, har da mutanen da ba na garinmu ba. Na yi ta fatan liman ya tsawaita huɗuba, ranar kuwa ya gajarta. Na tsaya tsakiyar fili. Jabbi yana gefe da 'yan'uwansa. Na cire hulata (ga sanƙona a rana, wanda ko Nomau bai san ya kai haka ba), na durƙusa. Na ce mai saniya ya zo kamar yadda aka yanke. Na ce wanda aka ɓata wa ba mai fangali ba ne, domin mai fangali shi ya jawo wa kansa. Wanda aka ɓata wa shi ne mutumin da ya riƙe amana har da ta baki, da kuma danginsa da na haɗa na zaga ba su ci mini komai ba. Na roƙe su gafara, su da Allah.

Ban rufe baki ba Jabbi ya iso ya ɗaga ni, ya ɗauki hular ya kifa mini a kai, a karkace ma. Kunya ta kama shi fiye da ni.

"Ya isa, Modibbo, ya isa. Tashi, don Allah. Ya wuce."

Sannan ya ce, a hankali, "Zo gehe."

Jama'a, da gudu na bi shi. Har na yi tuntuɓe.

A bayan katanga ya gaya mini cewa da yamma zai aiko a kwashe shanun su koma ruga. Ya ce ɓarnar fangali laifin kiwonsu ne, bai manta ba, don haka in rani ya yi zai kawo garke su kwana a gonata su zuba mini taki. Sai ya waiga hagu da dama kamar yadda nake yi a kasuwa, ya raɗa mini: "Kuma jar tana da ciki. In hwaɗi gaban kowa, ko a bar shi nan?"

Iri kuwa Nomau ne ya cire mini daga fangalinsa na dasa. Bai karɓi komai ba, sai dai sharaɗi ɗaya: duk inda muka haɗu zai tambaye ni lafiyar munafuki. Yana nan yana tambaya har yau, ni kuma ina amsawa da cewa yana gaishe shi.

Rubutun bangon yana nan, ban goge ba. Na dai ƙara layi ɗaya a ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe, don kaina: in an ce maka zo gefe, je ka. Har yanzu ana kirana sulhu, abin mamaki ma an fi kirana. Sai dai kafin in buɗe baki a kan kowane mai laifi, nakan tambaya a hankali ko wane ne, in kuma tambayi launin saniyar.